Sunaye a Bargon Orpha

Shekara goma sha ɗaya uwata ta yi tana ɗinka shi
a gidanmu na gindin dutse, can gabashin Kentucky,
inda jirgin kwal ke wucewa da asuba
kofuna su yi ta rawa a kan kanta.
Faci ɗari da arba'in, babu biyu masu kama:
buhun fulawa mai furanni, labulen kicin,
wandon Coy na makaranta,
da wani baƙi-baƙi a tsakiya
wanda har yau kwal bai gama fita daga saƙarsa ba.

Yanzu yatsunta sun lanƙwashe kamar citta.
Sunaye kuma sun fara zube mata
ɗai-ɗai, kamar maɓallan tsohuwar riga.
Jiya da sunan ƙanwarta marigayiya ta kira ni.

Shi ya sa na aro keken surfani wurin Lurleen,
mai buga tambari a hulunan 'yan ƙwallo.
Keke ne mai allo kamar waya:
ka danna suna, ka zaɓi launi,
ya rubuta da zare, ba ruwansa da tambaya.
Na ce kowane faci zan sa masa sunan mai shi,
in tunani ya ɓace hanya, ido ya nuna masa.

Bargon ya ƙi shiga zobe.
Rufi uku ne, fuska da auduga da baya.
In na danna ya kumburo, in na ja ya yamutse.
Lurleen ta ce a waya, "Kar ki ja shi, Verna,
aikin hannu ba ya son dole.
Naɗe sauran ki ɗora a kujera,
kar nauyinsa ya karkatar da allura."

Sai keken ya kama.
Tat-tat-tat, ruwan sama a kan kwano.
Abin da uwata za ta kwana uku a kai
ya gama shi shayina bai huce ba.
DENZIL, sunan babanmu, da shuɗin zare,
kowane harafi a miƙe kamar an auna da magwaji.
A gefe ga ɗinkinta, wani dogo wani gajere,
sawun kaza a kan dusar ƙanƙara.
Kunya ta kama ni, ban san ta wa ba.

A faci na tara allura ta karye,
inda kalmasa huɗu suka hau juna.
Ƙas! Tsinin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin firji.
Ƙarar ce ta katse mata gyangyaɗi.
Ta jawo bargon kan cinya,
ta bi shuɗin haruffan da yatsa.

"Wa ya ce miki wannan na Denzil ne?"
Na ce, ai rigar aikinsa ce, Mama, ga kwal nan.
"Ta Arlis ce," in ji ta.
"Ran da rami ya rufta babanki ya cafko shi,
ya ja, ya ja,
hannun riga kawai ya fito da shi.
Ni na wanke. Sau bakwai."

Shekara hamsin muna rufa da shi.
Babu wanda ya tambaya.

Daren nan na zauna da reza da tabarau.
Abin da keke ya dasa cikin minti huɗu
sai ƙarfe uku na gama tsince shi,
shuɗin zare ya cika min cinya kamar aski.
Ramukan allura dai sun ƙi rufewa:
in ka ɗaga wa fitila, babana na nan a ƙasa.

Da safe na sa sabuwar allura, na rage gudu.
Biyar ne haruffan, da jan zare.
Ta karanta a hankali, cokali a hannunta,
ta ɗago ta dube ni.
"Wane ne Arlis?"

Na ja kujera kusa da ita.
Na ba ta labarin yadda ta ba ni.